Bormi a Idon Manazarta: Sharhi kan Rubuce-rubucen Tashi da Faɗuwar Daular Malam Jibrilu Gaini

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya karanta tarihin zuwan Turawa ƙasar Hausa ya ci karo da sunan Burmi, garin da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ranar 27 ga Yuli, 1903. Amma kaɗan ne daga masu karatun nan za su iya faɗin wanda ya raya garin, da yadda aka yi ya zama matattarar da sarkin Musulmi zai nufa bayan Sakkwato ta fita hannunsa. Na taɓa jefa wannan tambaya ga wani aji na ɗaliban adabi a nan Gombe, waɗansunsu ma 'yan ƙasar Funakaye ne inda kufan garin yake. Dukkansu sun san Attahiru. Waɗanda suka taɓa jin sunan Malam Jibrilu Gaini ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wannan maƙala za ta yi bitar yadda manazarta suka rubuta labarin ƙaramar daular da Malam Jibrilu ya kafa a gwiwar kogin Gongola, wadda ta yi kimanin shekara goma sha biyar tana gagarar masarautar Gombe da maƙwabtanta. Manufar ita ce a nuna cewa abin da ya daƙile nazarin Bormi ya fi ƙarancin hujjoji zurfi. An auna garin da kalmomin abokan gabarsa, sannan ranar da ya faɗi ta haɗiye shekarun da ya yi a tsaye. Tun da matsalar ta kalmomi ce, akwai rabon masu nazarin harshe a cikinta.

2.0 Abin da Aka Haɗu a Kansa

Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya karɓo tuta ya kafa masarautar Gombe, ya zauna a Gombe Abba, ya rasu a 1841. Ɗansa Muhammadu Kwairanga ya yi mulki daga 1844 zuwa 1882, wato shekara 38. Shekarar rasuwarsa ta zo daidai da shigowar ƙarni na goma sha huɗu na Hijira, domin shekara ta 1300 ta kama a watan Nuwamba na 1882. A lokacin Muhammad Ahmad ya riga ya bayyana kansa Mahadi a Sudan tun 1881, kuma Khartoum ta faɗa hannunsa a farkon 1885. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda ta ƙasar Adamawa, ya yi wa Mahadin mubaya'a, ya zama wakilinsa a wannan nahiya.

Cikin wannan yanayi ne Malam Jibrilu, wanda ake kuma kira Malam Zai da sunan garin da ya zauna kafin nan, ya kafu a Bormi, a kan iyakar Gombe da Fika, ya jingina kansa da Hayatu. Sarkin Gombe Zailani ya kai masa yaƙi a 1888, yaƙin da ya zama ajalin sarkin. Sarakunan da suka biyo baya, da gudummawar masarautun maƙwabta, sun kasa cin garin. Sai a farkon 1902 rundunar Laftanar-Kanar Morland, a kan hanyarta daga Bauchi zuwa Barno, ta karya mayaƙan Malam Jibrilu a Tongo. Aka kama shi, aka kai shi Lakwaja, bai sake dawowa ba. Wannan shi ne ƙashin bayan labarin, kuma babu wani saɓani mai ƙarfi a kansa. Saɓanin yana wajen sunan da za a ba abin da ya faru.

3.0 Manazartan da Wuraren da Suka Tsaya

Rubutun farko na Turawan mulki ne. A rahotannin Lugard mutumin ya fito da sunan Mallam Jibrella, garin kuma Burmi, kuma siffar da aka fi liƙa wa irinsa ita ce ta mai zafin kan addini da farautar bayi. Ba abin mamaki ba ne, domin mai rahoton yana bukatar hujjar yaƙin da ya yi. Abin lura shi ne yadda wannan hoto ya yi tsawon rai. Hogben da Kirk-Greene (1966), a littafinsu na masarautun Arewa, sun tsara aikinsu masarauta bayan masarauta, sarki bayan sarki, kuma sun dogara ainun da bayanan da jami'an mulkin mallaka suka tattara. A irin wannan tsari ba inda Bormi za ta zauna sai a cikin babin Gombe, a matsayin masifar da ta auka wa zamanin Zailani da magadansa. Littafin yana da amfani, ni ma ba na rabuwa da shi, amma tsarinsa ya yanke hukunci tun kafin a fara shari'a.

Wanda ya fara ɗauke Malam Jibrilu daga gefen shafi ya mai da shi tsakiya shi ne John Lavers, a maƙalar da ya buga a 1967 a mujallar Cibiyar Adana Rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Ibadan. Lavers, wanda ya shafe rayuwar aikinsa yana koyar da tarihi a Kano, ya kalli Bormi daga gabas, wato daga Barno da Fika da Balda, inda ya fi ƙwarewa. Daga wannan kusurwa mutumin ya daina zama ɗan ta-da-zaune-tsaye na wata masarauta, ya koma jagora mai manufa a cikin wata babbar harka da ta taso daga kogin Nilu zuwa tafkin Chadi. Shi kansa Lavers ya kira aikin nasa bayani na share fage, haka yake a taken maƙalar. Abin takaici shi ne fiye da rabin ƙarni bayan haka, duk mai rubutu a kan Malam Jibrilu ga wannan share fagen yake komawa. An share fili, ginin ne bai tashi yadda ya kamata ba.

Victor Low (1972) ya zo da wani abu dabam. Littafinsa a kan masarautu uku, Gombe da Katagum da Haɗeja, gwaji ne na gina tarihi daga bakin dattawa, a lokacin da littafin Vansina (1961) ya sa tarihin baka ya fara samun mutunci a jami'o'i. Ya cancanci yabo a kan haka, kuma har yau mai son fahimtar yadda aka raba ƙasar Gombe tsakanin masu sarauta a ƙarni na 19 ba shi da makawa sai ya bi ta kansa. Sai dai taken littafin ya riga ya faɗi iyakarsa: masarauta ce abin nazari. Tarihin baka kuwa yana da gidan da yake kwana. Fada tana da maroƙa da makaɗa da dattawan da aikinsu ne riƙe jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu. Garin da aka ƙone, aka watsa mutanensa, ba ya barin irin wannan ma'aikata a bayansa. Don haka ko da manazarci ya yi iyakar adalcinsa, bakin da ya fi samu shi ne bakin waɗanda Bormi ta kashe wa sarki.

R. A. Adeleye (1971) ya yi babban aiki wajen rusa da'awar Turawa cewa sun tarar da daular Sakkwato ta riga ta ruɓe. Amma da yake idonsa yana kan Sakkwato da yadda ta fuskanci Turawa, Bormi ta fi fitowa a wurinsa a matsayin dandalin wasan ƙarshe. Biobaku da Muhammad al-Hajj (1966), da kundin digiri na uku na al-Hajj a Jami'ar Ahmadu Bello (1973), da Njeuma (1971) a kan Hayatu, sun fayyace tushen aƙidar Mahadiyya a rubuce-rubucen shugabannin jihadi kansu. Waɗannan sun ba mu abin da mutanen Bormi suka yi imani da shi. Abin da suka ci, da yadda suka yi shari'a, da wanda ke karɓar zakka, da harshen da ake magana da shi a kasuwarsu, duk suna nan a duhu.

Idan aka kwatanta da maƙwabta za a ga girman giɓin. Ningi, wadda malaman da suka baro ƙasar Kano suka kafa a tsakiyar ƙarni na 19, ta sami cikakken kundi daga Adell Patton (1975). Mulkin Rabe a Barno, wanda bai wuce shekara takwas ba, ya sami littafi sukutum daga Kyari Mohammed (2006). Bormi ta fi mulkin Rabe daɗewa.

4.0 Tawaye, Hijira da Daula

A nan ne nake ganin masu nazarin harshe suna da ta cewa. Yawancin ayyukan da aka ambata da Ingilishi aka buga su, alhali abin da dattawa suka faɗa da Hausa ne ko Fulatanci ko Bolanci. Abin da ya iso ga mai karatu fassara ce. Daga baya kuma, da muka zo rubuta tarihin da Hausa don makarantu da gidajen rediyo, sai muka sake fassaro shi daga Ingilishin. Kalmar da ta yi wannan tafiya ta zuwa da dawowa ba lalle ne ta dawo da kayan da ta tafi da su ba.

Ɗauki kalmar tawaye, wadda ita ce aka fi amfani da ita a yau idan ana zancen Malam Jibrilu da Hausa. A bakin Bahaushe, tawaye yana tabbatar da abu biyu: akwai shugaba halattacce, akwai kuma na ƙasa da shi wanda ya kwance igiyar biyayya. Kalmar ta dace da Buhari na Haɗeja, wanda sarki ne a cikin tsarin Sakkwato, aka tuɓe shi ya ƙi tuɓuwa, ya yi ta yaƙi har rasuwarsa a 1863. Buhari bai zo da wata sabuwar hujjar halaccin mulki ba, gadon gidansu yake riƙo. Lamarin Malam Jibrilu ya sha bamban. A fahimtarsa da ta jama'arsa, wanda Shehu da Bello suka yi bushara da zuwansa ya riga ya bayyana a gabas, jikan Bello ya yi masa mubaya'a, saboda haka wanda ya ƙi bi shi ne ya saɓa. Wato kowane ɓangare yana da hujjar kiran ɗayan ɗan tawaye. Manazarcin da ya ɗauki kalmar ya liƙa wa ɓangare guda ba tare da ya faɗi bakin da ya ji ta ba, ya shiga yaƙin ne bai sani ba.

Akwai kuma wani kamanci da ban ga an ba shi haƙƙinsa ba. Malami ya tara jama'a, ya ƙaura daga inda yake, ya karɓo izini daga wani babban shehi na nesa, ya gina gari mai ganuwa, ya yaƙi masu mulkin da ya tarar. Wannan siffar Buba Yero ce a farkon ƙarnin, ita ce kuma siffar Malam Jibrilu a ƙarshensa, a bakin kogi guda. Na farko ya yi nasara, zuriyarsa suka gaje shi, aka kira aikinsa jihadi. Ba ina cewa mutanen biyu ɗaya suke a ilimi ko a daraja ba, wannan hukunci ne na malaman addini. Abin da nake cewa shi ne hanyar da aka bi aka hau iri ɗaya ce, kuma mai yiwuwa wannan ne ya sa fadar Gombe ta ɗauki lamarin da zafi tun da wuri, domin ta san inda irin wannan hanya take ɓullewa.

Abin da ya faru a 1903 ya isa ya sa a yi hattara da kalmar. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, jama'a suka yi ta binsa gari bayan gari. Inda tafiyar ta tsaya shi ne Bormi, garin da sarakunan da ke ƙarƙashin tutar Sakkwato suka yi shekaru suna yaƙa. A tare da shi ko a kusa da shi akwai Ahmadu na Misau, da Etsu Nupe Abubakar, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, da Alfa Hashim na jama'ar Alhaji Umaru Futi waɗanda Faransawa suka koro daga yamma. Sarkin Gombe Umaru kuwa ya riga ya miƙa wuya ga Turawa tun 1902. To, a ranar 27 ga Yuli, wane ne mai biyayya ga Sarkin Musulmi, wane ne ɗan tawaye? Ban ɗaga wannan tambaya don a zargi Sarki Umaru ba, domin irin zaɓin da ya yi shi Waziri Buhari ya yi a Sakkwato, kuma Adeleye ya nuna nauyin hujjojin da suka sa shi yin haka. Na ɗaga ta ne don a ga cewa kalmar tana sauya mazauni cikin shekara guda.

Haka abin yake ga tafiyar Attahiru kanta. Rahoton Turawa gudu ya gani. Masu tafiyar hijira suka kira ta, kuma waƙar zuwan Annasara da ake danganta wa Attahiru a kan wannan ma'ana ta ginu. Gudu halin wanda aka kora ne, hijira kuwa hukunci ce ta shari'a mai sharuɗɗa, wadda Shehu ya wallafa littafi a kan wajabcinta. Marubucin Hausa da ya ce Attahiru ya gudu zuwa Burmi, nahawunsa daidai ne, amma ya ari idon Lugard.

Sai kalmar daula, wadda na yi amfani da ita a taken wannan maƙala da gangan, na kuma san za a yi mini gardama. Asalinta a Larabci yana ɗauke da ma'anar juyawa, wato yau naka gobe na wani, kuma a kan wannan ma'ana Ibn Khaldun ya gina bayaninsa na tashin dauloli da tsufansu. Da ta shigo Hausa sai ta ƙara wata ma'ana, ta wadata da jin daɗi, kamar yadda akan ce wane yana cikin daula. Wataƙila wannan ma'ana ta biyu ce ke sa kunnenmu ya ƙi karɓar kalmar ga gari guda mai ganuwar ƙasa. Amma idan ma'auni shi ne jagora mai cin gashin kansa, da runduna, da ƙasar da ake tsoron taka ta, da hujjar halacci wadda ba a aro daga maƙwabci ba, to Bormi ta cika su. In an ƙi daula, sai a kawo wata kalmar, amma tawaye ba ta ɗauke wannan kaya.

Ko sunan garin bai tsira ba. Burmi rubutun Turawa ne, shi ya shiga littattafai. Mutanen yankin Bormi suke cewa, a kuma ji Mbormi da ɗan hanci a farko irin na Fulatanci. Daga unguwar Manawashi inda nake zaune zuwa Bajoga ba wata doguwar tafiya ba ce, kuma direban motar haya bai taɓa gyara mini hanya ba, sunan kawai ya gyara mini.

5.0 Faɗuwa ko Tsufa?

Nazarin tashi da faɗuwar dauloli yana da wata al'ada, ta neman ciwon ciki. Da zarar daula ta faɗi sai a koma baya a nemo alamun ruɓewa, ko da kuwa daga waje aka buge ta. Ga Bormi, hujjar da aka fi saurin kawowa ita ce komai ya rataya ga mutum ɗaya, ga kwarjininsa da abin da mabiyansa suka yi imani yana da shi na asiri. In haka ne, kama shi a 1902 ya isa ya watsa garin. Hakan bai faru ba. Jama'ar ta tsayar da Malam Musa Dadare a madadinsa, kuma ranar 13 ga Mayu, 1903, fiye da shekara guda bayan an tafi da Malam Jibrilu, garin ya mai da rundunar Kyaftin Sword baya da raunuka. Ko a yaƙi na biyu, na watan Yuli, an yini ana fafatawa, kuma kwamandan Turawa, Manjo Marsh, a nan ya mutu. Kano mai ganuwar da ake ba da labari ba ta yi irin wannan tsayuwa ba. Za a iya cewa baƙin da suka taru ne suka ƙara wa garin ƙarfi, kuma akwai gaskiya a ciki, amma baƙo ba ya fakewa a gidan da ya rushe.

Idan akwai raunin da ya kama Bormi kafin Turawa, a ganina a wajen ganuwarta yake. A 1898 aka kashe Hayatu a Dikwa, a shekarar kuma Ingilishi suka karya daular Mahadi a Omdurman. Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri a 1900, suka kashe ɗansa Fadlallah a Gujba a 1901. Cikin shekara huɗu duk duniyar gabas da Bormi ke kallo ta rufe. Gari ne da ya rayu da kasancewarsa a kan iyaka, tsakanin Gombe da Fika da Barno, kusa da Dutsen Bima da jama'a suka daɗe suna dangantawa da bayyanar Mahadi, a kan hanyar masu nufin gabas. Da iko guda ya mamaye dukkan ɓangarorin iyakar, amfanin zama a kan iyaka ya ƙare. Wannan bayani ya fi gamsar da ni a kan na ciwon ciki, ko da yake shi ma yana jiran wanda zai gwada shi da takardun da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna da na Gidan Arewa.

Ita ma Gombe Abba da ta yi saura ba ta daɗe ba. Turawa sun mai da hedikwata Nafada a 1913, sannan Doma a 1919, inda birnin Gombe yake a yau, kuma Mary Tiffen (1976) ta nuna yadda noma da jama'a suka karkata kudu bayan haka. Gwiwar Gongola, wadda aka yi ƙarni guda ana zubar da jini a kanta, ta koma bayan gari. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa manazarta ba su yawaita zuwa ba.

Waɗanda suka tsira daga yaƙin Yuli sun ci gaba da tafiya gabas tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda zuriyarsu suke har yau. Idan akwai inda labarin Bormi ya kwana a bakin mutanenta, da waƙoƙinsu na Fulatanci da Hausa, to can ne, da kuma ƙauyukan Funakaye da Nafada da Fika inda sauran suka watsu. Mai zuwa ɗaukar wannan labari ya rubuta shi da harshen da aka faɗe shi, ya ajiye fassara a gefe, ya kuma lura da kalmar da kowane dattijo ya zaɓa idan ya zo kan abin da ya shiga tsakanin Malam Jibrilu da Sarki Zailani a 1888.